Laraba, da tambayar Balki

Zafi tun da sassafe. Wuta ta ɗauke kafin azahar, ruwan randa ma ya yi ɗumi. Kasuwar Dole ba ciniki, na dawo da wuri.

Da la'asar Balki ta shigo da kayenta, gobe suna da jarrabawa kan tarihin kotunan ƙasarmu Nijar. Tana ta bita kamar karatun allo: Kotun Ƙoli bayan 'yancin kai, tsarin mulkin 2010 ya rarraba aikinta gida-gida, bayan juyin mulkin 2023 aka kafa Kotun Ƙasa. Na ce ina Fatimata Bazeye? Ta ce layi biyu mushe, malaminsu, ya ba su a kanta.

Layi biyu! Na aje kofin shayina na ba ta labarin 2009. Shugaban ƙasa Tanja na son tazarce, ya rusa majalisa a watan Mayu, lokacin Mahaman Usman namu ne shugabanta. Ranar 12 ga Yuni kotun tsarin mulki, alƙalai bakwai, ita Fatimata a gaba, ta soke dokar kiran zaɓen raba gardama. A rediyon mai shago na ji, har na manta canjina.

Kawu Ilu na kan tabarma yana sassaka asuwaki da 'yar wuƙarsa, bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Ɗana, ƙarasa mata mana. Ranar 29 ga Yuni ya watsa kotun, 4 ga Agusta muka jefa ƙuri'armu." Kawu ɗan tazarce ne na asali, har gobe yana alfahari a Damagaram aka fara kiranta, wajen aza tubalin matatar mai a 2008.

Sai Balki ta ce, "To Baba, me hukuncin ya hana?"

Na ce ai da soja suka kifar da Tanja a Fabrairun 2010, Fatimata aka kira ta shugabanci kotun riƙon ƙwarya. Kawu ya yi dariya: "Ka ce bindiga ta maido ta." Balki ta rubuta wani abu ta rufe kaye.

Abin ya tsaya mani a maƙogwaro. Na tabbata matar ta yi daidai, ko Kawu bai taɓa cewa ta karkata ba. Amma amsar da za ta ƙosar da 'yar shekara ashirin, wadda ta ga juyin mulki biyu, ba ta zo bakina ba.

Tuwon dare miyar kuka. Inna na fama da ƙafa. Kuɗin mai ruwa, jibi.