Sakan 7 ɗin da ffmpeg ya ƙi cire min

Bidiyon lacca ne na kusan awa biyu, ni kuma sakan 45 kacal nake so a ciki, daga 00:42:17 zuwa 00:43:02, inda mai jawabin ya amsa wata tambaya. Tsohuwar kwamfutata in na buɗe manhajar editin sai fankarta ta hau ƙugi kamar za ta tashi sama, shi ne na ce bari in gwada ffmpeg ɗin nan da ake ta zuzutawa wajen yanka da sarrafa bidiyo, wanda wani mai rubuta manhaja Fabrice Bellard ya fara a shekarar 2000, kyauta ne kuma ba shi da maɓalli ko ɗaya, umarni kake rubuta masa a baƙin allo.

Na rubuta:

ffmpeg -ss 00:42:17 -i lacca.mp4 -to 00:43:02 -c copy yanki.mp4

Kafin in ɗauke hannu ya gama. Na buɗe fayil sai na ga minti 43 da sakan 2! Ashe in ka sa -ss (inda za a fara) kafin -i (fayil ɗin da za a yanka) agogon komawa sifili yake daga inda ka yanka, to -to ɗin (inda za a tsaya) da ke bayan -i daga sabon sifilin yake ƙirga. Na cire shi na sa -t 45, wato tsawon abin da nake so, wannan ta wuce.

Matsala ta biyun ce ta ci min dare. A kwamfutata yankin ya fara daidai, na tura wa abokin aikina sai ya ce wai me ya sa na bar tarin da mutumin ya yi da jan kujera a farko? Na rantse masa na cire, ya turo min abin da yake gani, wallahi ga sakan 7 nan daram. Na ce to bari in mayar da -ss bayan -i, nan kuma murya ta fara a kan lokaci amma hoto bai zo ba sai bayan sakan 3.

Sai da na zauna na fahimci yadda ake adana bidiyo. Bidiyo jerin hotuna ne, kowane ɗaya ana ce masa firem, amma ba kowane firem ne cikakken hoto ba, jefi-jefi ake ajiye cikakke guda ɗaya, shi suke ce wa keyframe, sauran da ke biye canjin da aka samu kawai suke riƙewa, hannu ya motsa nan, baki ya buɗe can. In ka ce -c copy ka ce masa kar ya taɓa komai ke nan, ya kwashe yadda yake, to ba yadda zai yi ya fara daga firem ɗin da ya dogara da wanda ya gabace shi. Ko dai ya koma cikakken hoton baya ya rubuta wa filaya, wato manhajar kunna bidiyo, alamar ta tsallake rarar, wata filayar ta bi wata ta yi biris, ko kuma ya jira na gaba. Na duba inda cikakkun hotunan suke da ffprobe, abokin ffmpeg mai nuna bayanan bidiyo:

ffprobe -select_streams v -skip_frame nokey -show_entries frame=pts_time -of csv lacca.mp4

Ga su nan, sakan 2530 sai 2540, ni kuma 2537 nake nema, wato 00:42:17 in an mayar da shi sakan. Bidiyon firem 25 yake yi a sakan, x264 kuma, manhajar da ke matse bidiyon, in ba ka canza masa ba yana iya barin firem 250 tsakanin cikakkun hotuna, sakan 10 cif ke nan, musamman a irin wannan bidiyo da kyamara ke kafe wuri ɗaya ba abin da ke sauyawa.

Mafita dai a sake sarrafa hoton, ba wata dabara:

ffmpeg -ss 00:42:17.240 -i lacca.mp4 -t 45 -c:v libx264 -crf 18 -c:a aac yanki.mp4

A haka yana tsallakawa zuwa 2530, ya warware firem-firem ya zubar da na kafin wurin, ya ƙirƙiri sabon cikakken hoto daidai inda na ce. Wancan .240 ɗin firem 6 ne, don kowane firem 0.04 ne na sakan, da su na kauce wa numfashin da mutumin ya ja kafin ya fara magana. Da na ji tsoron inganci zai zube, amma crf ɗin, lambar da ke saita inganci, asalinsa 23 ne, ƙaramar lamba ta fi kyau, a 18 na sa su gefe da gefe idona bai ga bambanci ba. Masu cewa kar ka kuskura ka sake sarrafa bidiyo ni dai a ganina sun cika tsanani, a kan yankin sakan 45 da za a kalla a waya?

Copy ɗin ban watsar da shi ba fa. In zan raba dogon bidiyo gida biyu har yanzu shi nake sawa, sai dai yanzu ffprobe nake fara tambaya in ɗauki ɗaya daga lambobin da ya ba ni in yanka a kanta.