Abin da bin diddigin shirin jawo ruwan Kongo zuwa Tafkin Chadi ya koya mini

Da na zaɓi tarihin shirin Transaqua domin kundin digirina na biyu, na ɗauka lissafin injiniyoyi ne zai wahalar da ni, amma wannan ɓangaren bai ja ni ba. Kamfanin Bonifica na Italiya ne ya fito da tunanin a ƙarshen shekarun 1970, a hannun injiniya Marcello Vichi: a haƙa magudana mai tsawon kilomita 2,400 da za ta tare wasu kogunan da ke shiga Kogin Kongo, ta ratsa Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, ta riƙa zuba kubik mita biliyan 100 na ruwa duk shekara a Kogin Chari, wanda ke malala cikin Tafkin Chadi. Wannan kowa zai same shi a rubuce. Abin da ya girgiza ni, wanda har yau idan na tuna sai raina ya sosu, adadi ne guda ɗaya da ke bakin kowa, wato cewa tafkin ya ƙafe da kashi 90 cikin ɗari.

A kan wannan adadi na ɗora babukan farko, domin shi ne a jawaban shugabanni da rahotannin jaridu, kuma kullum yana tafe da hotunan tauraron ɗan'adam biyu a jere: tafkin 1963 mai faɗin murabba'in kilomita 25,000, sai na tsakiyar shekarun 1980 da bai wuce 2,000 ba. Hotunan ba ƙarya ba ne. Sai da na shiga rubuce-rubucen masanan Faransa irin su Jacques Lemoalle da Géraud Magrin na gane cewa an ɗauko lokacin da damina ta fi albarka ne aka gwada shi da farin 1984, aka ja layi tsakaninsu kamar tafkin gangara kawai yake yi. Alhali tun farkon ƙarni na 20 jami'in Faransa Jean Tilho ya tarar da shi ya ja baya ƙwarai, daga baya ya sake cika. Tafki ne marar zurfi, wanda kusan kashi 90 na ruwan da koguna ke kawo masa daga Chari da Logone yake zuwa, saboda haka ɗan canji a ruwan saman da ake yi can kudu yana iya matsar da gaɓarsa da nisan kilomitoci. Binciken da aka buga a 2020 ya nuna cewa a shekaru ashirin da suka gabace shi tafkin bai ci gaba da raguwa ba. Ruwa mai yawa ma yana kwance ƙarƙashin ciyayi, a hoto sai ya fito kore kamar tudu.

Dole na warware abin da na saƙa na sake ɗaura zare. Shawarata ta farko ga mai son shiga wannan fage ita ce, duk adadin da aka ba shi, ya tambaya daga wace shekara aka fara ƙirga.

Ba ina cewa babu wahala a yankin ba ne. Shirin noman rani na Kudancin Tafkin Chadi da ke New Marte a jihar Borno, wanda aka tsara bisa cikar tafkin a shekarun 1960, ya wayi gari ruwa ya gudu ya bar magudanarsa. Amma masuntan Baga da na zanta da su a Maiduguri ba ƙarancin ruwa suka fara ambata ba. Maganarsu ta rufe hanya ce, da bandar kifi da ba ta isa kasuwa, da kuɗin da masu bindiga ke karɓa. Wani dattijo ya zana mini a ƙasa da yatsa yadda suke bin ruwa idan ya janye, suna shuka masara da wake a danshin da ya bari, ya kuma nuna mini inda gonarsa za ta nutse idan tafkin ya koma yadda yake a da.

Abu na biyu shi ne a rarrabe shirye-shiryen, domin jaridu suna cakuɗa su. Akwai ƙaramin shiri na ɗebo ruwa daga Kogin Ubangi, wanda ke shiga Kogin Kongo, ta hanyar dam a Palambo da ke Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, wanda Nijeriya ta ba da dala miliyan 5 kamfanin CIMA na Kanada ya yi nazarinsa, ya kammala a 2011. Transaqua kuwa ta sake tasowa ne bayan Hukumar Tafkin Chadi ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin PowerChina na ƙasar Sin a 2016, sannan taron Abuja na Fabrairun 2018 ya fifita ta, ana maganar za ta ci dala biliyan 50, Italiya kuma ta yi alkawarin Yuro miliyan 1.5 na nazari. Har yanzu ba a haƙa ko taku ɗaya ba.

Wanda bai iya Faransanci ba ya nemi mai fassara, domin rabin labarin yana Kinshasa. Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ba ta cikin Hukumar Tafkin Chadi da aka kafa a 1964, ga shi kuma ruwanta ake rabawa a takarda. 'Yan majalisarta sun fito fili sun ƙi, suna tsoron abin da zai sami madatsar lantarki ta Inga da dazuzzukansu. Masu goyon bayan shirin suna cewa kaɗan ne za a ɗiba daga kogin da ke malala teku a banza, amma ban ga yadda za a kira ruwan mutum na banza ba tare da an zauna da shi ba.

Duk da haka adadin nan na kashi 90 ne ya fi tsaya mini a rai, domin shi ne ya sa ba a tambayar wane tafki ake son dawowa da shi. Idan na 1963 ne, to garuruwa irin su Darak ta Kamaru da aka kafa a cikin tsohon tafkin, da gonaki da wuraren kiwon da dubban iyalai suka dogara da su tun bayan fari, ruwa zai shanye su. Wannan tambayar ce ta zama babi mafi tsawo a kundina.