Abin da koyarwa a rabin aji ya nuna mini game da zaɓa wa yaro makaranta

Shekarun da na yi ina koyarwa a rabin aji, a wata firamaren gwamnati a nan Kaduna, sun sa na haddace tambayar iyaye. Bayan gaisuwa sai uwa ta ce, "Malama, yaushe zai fara Turanci?" Da wuya a samu wadda za ta ce a nuna mata ban-ɗaki.

Ni kuwa da ban-ɗakin nake fara auna makaranta. Yaro ɗan shekara 3 zuwa 5 ba ya riƙe fitsari kamar babba. In wurin ya yi nisa da aji, ko babu ruwa, ko ramin ya yi masa faɗi, zai jiƙa wandonsa, yara su yi masa dariya, washegari ya tashi da "ciwon ciki". Iyaye su ɗauka ƙiwa ce, alhali kunya ce da tsoro.

Tun dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 aka sanya karatun ƙananan yara cikin ilimin matakin farko, kuma SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ce ke kula da waɗannan azuzuwa. Amma hukuma ɗaya ba ta sa makarantu su zama ɗaya. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 25. Ku leƙa da kanku ku ƙirga kawuna. Kada ku je ranar rajista, ranar kowa a shirye yake. Ku je wajen ƙarfe 11 na wata ranar Laraba, lokacin da yunwa ta fara taɓa yara, ku ga yadda malamar ke yi da mai kuka. Tana durƙusawa ta yi masa magana, ko daga kujera take daka tsawa? Ta san sunayensu? A 2017 gwamnatin jiha ta yi wa malaman firamare jarrabawa, fiye da 21,000 suka faɗi. An yi ta muhawara a kai, amma babu jarrabawar da ke auna haƙuri, kuma a rabin aji shi ne jarin malama.

Allon da aka cika da rubutu ba ya burge ni. Na fi son ajin da ake waƙa, ana tatsuniya da Hausa, ana ƙirga marafan kwalba a kan tabarma. Hannun da bai saba da wasan ƙasa da zane ba, wahala yake sha da fensir.

Nisa ma abin dubawa ne. Makarantar da sai an tsallaka titin Nnamdi Azikiwe da tirelolinsa, ko a yi doguwar tafiya a Keke Napep cikin hunturu, ba ta kai ta bayan layinku ba, ko da ta fi ta fenti, balle ga yaron da Islamiyya ke jiransa da yamma.

Sai abin da iyaye ke ɓoyewa. In yaro yana da sikila, ko bai buɗe baki sosai ba, ko kunnensa na da nauyi, ku faɗa tun ranar farko, ku saurari amsar shugaban makaranta. Wanda ya ce "ba komai" ya wuce, bai ji ku ba. Wanda ya tambayi abin da za a yi in ciwon ya tashi, ya karɓi lambar waya, ya sa a zaunar da yaron kusa da malama, shi za ku ba ɗanku. Ku kuma nemi wani ɗan SBMC, wato kwamitin mutanen unguwa mai sa ido kan makarantar, su ne suka san ko famfon makarantar yana kawo ruwa.