Yadda na haɗa tarihin Tinariwen don masu sauraronmu

A gidan rediyon da nake aiki a Agadez muna da wani fili na dare da muke ba da tarihin makaɗa da Hausa. Da aka zo kan ƙungiyar Tinariwen sai na roƙi shugaban sashenmu ya bar mini aikin, domin kiɗansu na tashi ina ji a gidajen biki da tashar mota, kuma na lura yawancin Hausawan da ke rausayawa da shi ba su san daga ina ya fito ba. Kiɗan Abzinawa kawai suke ce masa.

Abin da ke rubuce a intanet ba ya wuyar samu. Ibrahim Ag Alhabib, wanda ya kafa ƙungiyar, ɗan arewacin Mali ne. Yana ƙaramin yaro sojoji suka kashe mahaifinsa a lokacin tawayen Abzinawa na 1963, ya girma yana gudun hijira a kudancin Aljeriya, kuma jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta da gwangwani da sanda da wayar birkin keke. A 1979 a Tamanrasset ta kudancin Aljeriya ya haɗu da su Alhassane Ag Touhami da Inteyeden Ag Ableline suka soma kiɗa tare. A 1980 Gaddafi ya kira samarin Abzinawa su zo Libiya a ba su horon soja, su ma suka tafi. Fari na 1973 ya riga ya cinye dabbobin iyayensu, na 1984 ya zo ya ƙarasa abin da ya rage, samari suka watsu garuruwa ba aiki ba takarda. Waɗannan samari su ne farkon masu sauraronsu, kuma da yawunsu suke waƙa.

Sai dai rubuce-rubucen Turawa suna tsallake shekara ashirin ɗin nan da sauri, su tsaya a 2001 kamar a nan aka haifi ƙungiyar. Ni kuwa a waɗannan shekarun na ga tarihin yake. Don haka na ajiye kwamfuta na shiga gari neman waɗanda suka ji su tun kafin a san su a waje.

Wani dattijo da ya daɗe yana tuƙa mota tsakanin Agadez da Tamanrasset ta hanyar Arlit da Assamaka shi ya fi taimaka mini. Na ce masa, "Baba, kaset na zo nema, irin na da." Bai amsa ba sai da muka sha shayi zagaye na biyu, sannan ya shiga ɗaki ya fito da wata tsohuwar jakar fata. Kaset ɗin da ya miƙo mini ba hoto a jikinsa, ba sunan kamfani, sai rubutun Tifinag na Abzinawa da biro wanda ya kusa gogewa. Zaren ya saki, sai da ya zura biro a ramin ya naɗe shi a hankali kafin mu saka a rikoda. Sautin yana rawa, jita biyu ne da tafi, kana jin wani yana tari a gefe, kana jin ƙarar kofin shayi. Ya ce haka ake yi: mutum ya kai musu kaset wanda ba komai a ciki, su yi masa kiɗa a ɗauka, shi kuma ya ba wani ya kwafa, wancan ya ba direba ya tsallaka da shi iyaka. Ya ce akwai lokacin da in an kama ka da irinsa a shingen sojoji ka shiga uku, shi ya sa yake ɓoye nasa cikin buhun dabino.

Darasin farko da na ɗauka ke nan. In za ka ba da tarihin ɗaukakar ƙungiyar kiɗa, ka tambayi wa ya fara ɗaukar sautinta yana kaiwa gaba. Tinariwen sun cika Sahara daga Kidal ta Mali har Sabha ta Libiya ba su sayar da faifai ko ɗaya ba.

Sauran labarin na bi shi a taƙaice. Tawaye ya ɓarke a 1990 a Mali da Nijar, wasu daga cikinsu suka riƙe bindiga, bayan sulhu suka koma ga jita. A 1996 aka ƙona makamai a Tumbuktu alamar ƙarshen tawayen. Ƙungiyar kiɗa ta Lo'Jo daga Faransa ta haɗu da su, aka shirya bikin kiɗan hamada na farko a Tin Essako da ke arewacin Mali a watan Janairu na 2001, a shekarar kuma aka fitar da faifan da suka naɗa a gidan rediyon Tisdas na Kidal. Daga nan ƙofa ta buɗe. A 2007 su suka buɗe wa shahararriyar ƙungiyar kiɗan Ingila, Rolling Stones, wasa a Ayalan, a 2010 suka yi kiɗa a bikin buɗe gasar cin kofin duniya a Afirka ta Kudu, a 2012 faifansu Tassili, wanda suka naɗa a hamadar Aljeriya kusa da Djanet, ya ci Grammy, babbar kyautar kiɗa ta Amurka. A wannan shekarar ce masu iƙirarin jihadi suka kama arewacin Mali suka hana kiɗa, har faifan da ya biyo baya a Amurka aka naɗa shi. Mutanen da duniya ke tafa wa sun kasa kaɗa jita a garinsu, kuma wannan ya taɓa ni sosai lokacin da nake karanta shi a iska.

Darasi na biyu daga wani matashi mai kaɗa jita a bukukuwa na same shi. Na kira shi situdiyo ya nuna wa masu sauraro abin da ya sa ake kiran kiɗan da rok alhali ba a Turai aka yi shi ba. Ya kaɗa layi ɗaya yana maimaitawa, babban yatsa yana riƙe da sautin ƙasa, sauran yatsun suna yawo a sama, ya ce a saurari bugun tinde, turmin da mata ke ɗaure wa fata, yana nan a ƙarƙashi. Minti biyar ɗin nan sun fi duk bayanin da na rubuta amfani. Daga nan kuma hanya ta miƙe mini zuwa su Abdallah Oumbadougou da Bombino da Mdou Moctar, 'yan ƙasarmu da suka ɗora a kan wannan salo.

Wurin da ya fi wuya shi ne batun tawaye. Cikin masu sauraronmu akwai 'yan kasuwa da aka tare wa motoci a shekarun nan, akwai kuma waɗanda suka rasa dangi a kisan da sojoji suka yi wa Abzinawa a Tchintabaraden a 1990. Wani ya bugo waya ransa a ɓace, ya ce muna yabon 'yan bindiga. Ban katse shi ba, na bar shi ya gama. Na ce masa, "Alhaji, abin da ya same ka gaskiya ne, kuma yana cikin tarihin da muke bayarwa." A shirin mako na gaba na ware masa lokaci ya ba da nasa labarin hanyar Arlit, sannan na sa wani malami ya fassara baitocin da ke magana kan ƙishirwa da kewar gida da rabuwar 'yan uwa, domin a ji abin da ake rerawa kafin a yanke hukunci.