Tarihin Rayuwata, kashi na 14: Tudun baƙar ƙasa

Assalamu alaikum. Makon jiya na tsaya a inda na bar tuƙin tifa aka ɗauke ni aiki a filin haƙa da tara kwal can ɓangaren Kumo. Na san na yi alkawarin labarin auren Yaya Babba, ku yi haƙuri, maganar tudun baƙar ƙasar da aka tara a filin nan ce ta hana ni barci kwana biyu.

Baffa, Allah ya jiƙansa, yana da wata magana da duk ɗan gidanmu ya haddace, yakan ce ƙasa kamu ɗaya ce ta abinci, sauran ta kabari ce. Muna yara ba mu gane ba. Sai ranar da na ga katafila ta yanki ƙasa kamar an yanka alkaki, baƙa-baƙa a sama ba ta fi kamu ɗaya ba, daga nan sai ja da tsakuwa har a tarar da kwal, wallahi a tsaye nake amma sai da na ji kamar muryarsa a kunnena.

Ni aikina a sashen muhalli ne, mu ne 'yan tankar ruwa, muna bin hanya muna yayyafi don ƙura ta kwanta, musamman lokacin hunturu da iska ke kwasar garin kwal ta kai shi har kan shanyar mata. Kuma mu ke gadin tsibin kwal, don wannan kwal ɗin namu mai laushi ne, in an tara shi da yawa iska na shiga sai ya riƙa zafi daga ciki har ya kama wuta da kansa ba wanda ya ƙyasta ashana, dole a bi da rola a danne shi, in wani wuri ya fara hayaƙi a tone a baza. Ga kududdufan da ruwan filin ke taruwa ya kwanta kafin a sake shi. Ruwan sama in ya ratsa kwal mai farar wuta sai ya yi tsami, ya koma ja kamar tsatsa, mu zuba farar ƙasa buhu-buhu. Na taɓa ganin rafin da irin ruwan nan ya taɓa, ko kwaɗo babu.

Amma abin da na riƙe kamar ɗana shi ne tudun. Ƙa'ida ita ce kafin a fara tono a kankare ƙasar sama a tara ta gefe ita kaɗai, kar a yi tsibin ya yi tsawo sosai don ta cikin ba ta shan iska sai ta mutu, a shuka mata ciyawa kar ruwa ya wanke, ranar da aka cike ramin sai a dawo da ita a shimfiɗa a sama. Tun 1992 akwai dokar da ta ce babban aiki irin wannan sai an yi binciken illarsa ga muhalli, ga NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli, da aka kafa a 2007. Ƙasar tudun nan kuwa ta gonakin mutane ce, na san masu ita, na ci tuwo a gidajensu. Da hannuna na dasa mata gamba da jema, shekara uku ina ba ta ruwa da ragowar na tanka.

Baffa ma kwal ya ci da mu, kun sani, shi ke zuba kwal ɗin Inugu a wutar jirgin ƙasa kafin zuwan na dizal. Shi ya ba mu labarin leburori 21 da 'yan sandan Turawa suka harbe a Inugu a 1949. Amma bai taɓa yarda a sayar da gonarmu ta bakin rafi ba, ko shekarar da Inna ta kwanta asibiti. Kamu ɗaya ce, in ji shi.

To wata damina a watan Agusta hanya ta lalace, tireloli sun maƙale, na je hutun suna kwana huɗu kacal. Na dawo na tarar an cinye rabin tudun, wani ɗan kwangila ya sa an kwashe an cike ramukan hanya da ita. Baƙar ƙasa fa, wadda ta yi shekaru aru-aru kafin ta zama haka, tayoyi na kirɓa ta da garin kwal da baƙin mai. Na same shi na ce ranka ya daɗe ga jar ƙasa can tuli guda me ya sa ba a ɗiba ba, ya ce waccan ta yi nisa, mai zai ci. Bai ko kalle ni ba. Ba zan faɗi sunansa ba, yana raye, ya san kansa. Na rubuta takarda na kai ofis, har na bar wurin ban ji amsa ba. Abin da ke ci na har yau, da ban tafi sunan nan ba da na kwanta a gaban katafilar.

Daga baya da aka cike wani sashe na ramin aka ce a yi dashe. Inda aka zuba jar ƙasa zalla an sa turare da dogon yaro, rabi suka bushe, waɗanda suka rayu ma ƙarƙashinsu fayau kamar tsakar gida. Inda ragowar tuduna ya kai kuwa, damina ɗaya ciyawa ta rufe shi, har da tafasa da rama da ba wanda ya shuka, irinsu na cikin ƙasar yana jira. Ni na nace a sa gawo a nan, suka ce ba ya saurin girma, na ce shi ke zubar da ganye da damina ya bar wa hatsi rana da taki, ku tambayi kowane manomi.

Bara na bi ta wurin da ƙaramin ɗana, mai sunan Baffa. Gawo bakwai na ƙirga, wani dattijo ya yi wake a tsakaninsu. Na nuna wa yaron iyakar inda ƙasar ta kai, taku kaɗan gaba sai ja.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, auren Yaya Babba.