Minti uku a Gangare

Juma'ar da ta wuce na miƙa makullin loka da rigar aiki, bayan shekara 9 a bayan motar ambulan. Layi uku kawai na rubuta a takardar ajiye aiki. Sauran maganar ga ta nan, saboda yaran da aka ɗauka bana, tunda na san ba mai zaunar da su ya faɗa musu.

Wata asubar Disamba ce, irin sanyin Jos ɗin nan da yatsa ke ƙin lanƙwasuwa. Tun da dare na karɓi duti, na ja littafin miƙa aiki na sa hannu cewa kaya sun cika, yadda kowa ke yi. Ban buɗe jakar kayan agajin gaggawa ba. Wanda na karɓa a hannunsa ma bai buɗe ba. Da za a bi shafukan baya, an fi wata biyu ana sa hannu a kan jakar da zif ɗinta bai motsa ba.

Kira ya zo daga Gangare, wani dattijo ya yanke jiki ya faɗi bayan an sallame sallah. Muka tarar an shimfiɗe shi a zaure, ana shafa masa ruwa ana tofa addu'a. Ba ya numfashi, sai wata irin shaƙuwa jefi-jefi, wadda mutane ke ɗauka rai ne ke dawowa, alhali zuciya ce ta tsaya. Na durƙusa na fara danna ƙirji. Wannan kam na iya: tsakiyar ƙirji, sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6, danna 30 hura 2. Na ce wa Baba direba ya miƙo ambu, robar da ake matsawa a hura wa mara lafiya iska. Ambu na nan, amma murfin fuskar da ke jikinsa na jarirai ne. Na ce to a kawo AED, injin da ke buga wa zuciya lantarki don ta dawo. Injin ya kama, sai dai facin nan biyu da ake mannawa a ƙirji wa'adinsu ya wuce, danƙon ya bushe, sun ƙi zama a fata. Injin ya yi ta surutu da Turanci wai a duba faci.

A nan na tafka tawa. Na ɗauke hannu daga ƙirjin, na ruga mota da kaina ina birkita akwatuna ko zan dace da wasu. Baba direba ya biyo ni yana cewa, "Malam, koma kansa, ni zan duba." Ko jin sa ban yi ba. Na dawo ba komai a hannuna, ɗan dattijon ya riƙo gefen rigata ya ce, "Likita, Baba fa? Me ake jira?" Minti uku na ɓatar, ko fiye. Duk wanda ya taɓa zama ajin farfaɗo da zuciya ya san ba a so dannawa ta tsaya fiye da daƙiƙa 10, ya san ƙwaƙwalwa na fara lalacewa idan ta yi minti 4 zuwa 6 jini bai kai mata ba. Ni ma na sani, har jarrabawa na ci a kan mutum-mutumin roba. Sai dai shi na roban ba shi da ɗan da zai riƙe maka riga.

Muka kai shi asibiti, likitan da ke kan aiki ya duba ya ja mayafi. Kafin azahar an kai shi makwancinsa. Wataƙila ko ban tashi ba kwanansa ya ƙare, Allah ne masani. Amma wannan "wataƙila" ba ta taɓa ba ni barci ba.

Sati na zagayowa sai ga takardar tuhuma daga Oga. Minti ukun nan ba wanda ya tambaye ni su, har yau. Maganar sa hannu kawai aka yi. Sabbin faci kuwa suna kulle a kabad ɗin ofishinsa, tare da murfin fuska na manya, har da sifanar buɗe silindar oksijin, wai kada a sace. Ranar da manyan baƙi za su zo ake fito da su, a jera a mota, a ɗauki hoto, a mayar. A gaban kwamiti ya dube ni ya ce, "Ba kai ka sa hannu ba?" Na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe." Aka ɗage mini ƙarin girma shekara guda. Ba na cewa na riƙe shi. Amma har na bar wurin ban ƙara ba shi hannu biyu ba.

Tun daga ranar ba na karɓar mota sai na zazzage jakar a ƙasa. In buɗe silinda in ga allurar ta motsa, in toshe bakin ambu da tafin hannu in matsa in ji ko yana yoyo, in kunna injin tsotso, in karanta kwanan watan da ke jikin adirenalin. Minti 20 nake ɗauka, mai jiran tafiya gida yana tsaki. Har suna aka sa mini, Malam Kastan.

Sauran ƙanana ne. Ku koya wa direbanku dannawa, don bayan minti 2 hannu na gajiya ko mai shi bai ji ba. Satifiket na shekara biyar ba ya danna ƙirji, ku koma aji ko da kuɗin aljihunku ne. Idan jama'a sun yi cincirindo, ku nuna mutum ɗaya da yatsa ku ba shi aiki. Jiniya kuma ba ta buɗe cunkoson kasuwar Terminus da yamma, ku san lunguna.

Bara wata mai sayar da kabeji ta faɗi a kasuwar Farin Gada. Ni da Baba direba muka yi ta karɓa-karɓa, facin suka kama, injin ya buga sau ɗaya, zuciya ta dawo. Har yanzu takan aiko mana da buhun dankali. Labarin ya shiga rahoton shekara da hoton Oga a gefe.

Makulli na biyu na kabad ɗin, wanda na yanko da kuɗina, yana ƙarƙashin kujerar Baba direba. Wanda ke dutin dare ya tambaye shi.