Idan Biyan Bashin Gida Ya Tsaya: Yadda Nake Bin Fayil ɗin Jingina

Duk wanda ya kawo mini matsalar jinginar gida, takardu huɗu nake fara nema kafin in saurari labarin: wasiƙar da banki ya ba shi ta amincewa da bashin, yarjejeniyar jinginar da ya sa wa hannu, bayanin asusun bashin tun daga ranar farko, da duk wasiƙar da bankin ya aiko bayan biya ya tsaya, har da ambulan ɗinta idan akwai. Abin da na koya a wannan aiki shi ne, gida ba ya tsira da roƙo. Kwanan wata da abin da ke rubuce su ne ke riƙe shi ko su sake shi.

Tambayar farko: wace irin jingina ce? Idan takardar C of O, wato shaidar haƙƙin riƙe fili, kawai aka ajiye wa banki, ba a yi cikakkiyar yarjejeniya mai hatimi ba, a ƙa'ida bankin ba ya da ikon sayar da gidan da kansa, sai ya je kotu ya samo oda. Wannan yana ba mai gida lokaci. Idan kuwa cikakkiyar jingina ce, an samu amincewar gwamna kamar yadda sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya tanada, an yi mata rajista, to banki na iya sayarwa ba tare da ya taka kotu ba. Mutane da yawa a nan suke ruɗuwa, suna zaune suna jiran sammaci, alhali sammacin ba zai zo ba.

A Abuja da jihohin da har yanzu ake aiki da dokar sayar da kadarori ta Ingila ta 1881, ikon sayarwa hawa biyu ne. Yana samuwa ne da zarar ranar biya ta wuce. Amma ba a amfani da shi sai ɗaya daga cikin abubuwa uku ya faru: an ba mai bashi sanarwa a rubuce ya biya, wata uku suka shuɗe bai biya ba, ko kuɗin ruwa ya taru wata biyu ba a biya ba, ko ya karya wani sharaɗi na yarjejeniyar, misali ya ba da hayar gidan ba da izini ba ko ya bar inshora ta mutu. Sai dai ga tarkon: yarjejeniyoyin bankuna da yawa suna ɗauke da sakin layi da ke soke wannan wa'adi na wata uku, ko ya rage shi. Shi ya sa nake karanta yarjejeniyar layi-layi kafin in gaya wa kowa yana da sauran lokaci. Legas na da tata dokar jingina ta 2010, wasu jihohin ma da nasu, don haka jihar da gidan yake ita ce ma'auni, ba inda mai shi ke zaune ba.

Daga nan sai lissafi, kuma a nan na fi daɗewa. Jadawalin caje-cajen Babban Bankin Najeriya ya ƙayyade tarar jinkiri a kan bashin naira: ba ta wuce kashi 1 cikin 100 a wata na kuɗin da aka kasa biya, ban da kuɗin ruwan da aka saba. A lura, na abin da aka kasa biya. Misali wanda ke biyan N200,000 a wata ya tsallake wata ɗaya, tararsa N2,000 ce. Idan aka ɗora kashi ɗayan a kan ragowar bashin gaba ɗaya, a ce miliyan 12, ta koma N120,000. Irin wannan kuskure, da ƙarin kuɗin ruwa ba tare da sanarwa ba, da cajin inshora sau biyu, su nake farauta. In na samu, sai in rubuta wa bankin ƙorafi, in karɓi kwafi mai tambarin karɓa. Idan bai warware ba, a kai Sashen Kare Haƙƙin Masu Mu'amala na Babban Banki, wanda ba ya sauraron ƙorafin da ba a fara kai wa bankin ba.

Wasiƙar neman sassauci kuma gajera nake yi. Dalilin tsayawar biya da shaidarsa, adadin da mutum zai iya biya a wata da gaske, da abin da ake nema: tsawaita shekaru, ko ɗage biyan uwar kuɗi na wasu watanni, ko yafe tara. Kada a yi alkawarin abin da ba za a iya ba don a burge manaja. Saɓa sabon jadawali ya fi saɓa na farko muni. Duk abin da aka amince a baki, in ba a rubuta ba, babu shi. Manajan da ya ce “kada ka damu, Alhaji” ana iya yi masa canjin reshe gobe.

Abu biyu da ba na ba da shawara. Na farko, kwashe kuɗi zuwa wani banki don a ɓoye su. Tun watan Agusta na 2020 akwai tsarin da ke ba banki damar cire bashinsa daga asusun mai bashi a wasu bankuna ta hanyar BVN, idan ya sa hannu a kan hakan lokacin karɓa. Na biyu, dogaro kacokan da cewa ba a samu amincewar gwamna ba. Gaskiya ne Kotun Ƙoli ta rushe jingina a kan wannan dalili a shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989, amma neman amincewar aikin mai gida ne, kuma alƙalai ba sa sakin fuska ga wanda ya ci kuɗi sannan ya zo yana fakewa da sakacinsa. Ko jinginar ta rushe, bashin yana nan.

Masu cewa a garzaya kotu a dakatar da gwanjo su sani, yawanci kotu na sharɗanta a ajiye kuɗin da banki ke bi kafin ta ba da odar. Kuma damar fansar gida tana nan ne har zuwa lokacin da banki ya ƙulla ciniki da mai saye. Bayan nan, ko an yi kuskure a sanarwa, galibi diyya ce ta rage, gidan ya tafi, sai fa in an tabbatar da maguɗi ko haɗa baki.

Idan lissafi ya nuna biyan ba zai yiwu ba, na fi son mai gida ya sayar da kansa da izinin banki a rubuce. A samo ƙwararren mai ƙiyasta darajar gida ya rubuta rahoto, a nemi wa'adin wata uku zuwa shida, a yarda mai saye ya zuba kuɗin bashin kai tsaye a asusun banki, shi kuma bankin ya ba da takardar sakin jingina da asalin C of O. Farashin gwanjo kusan kullum ƙasa yake da na dillali, ga kuɗin ɗan gwanjo da na lauyan banki duk daga ciki za a cire. In ma an kai ga gwanjon, a nemi lissafin cinikin a rubuce: bayan an cire kuɗin ɗawainiya da bashi, ragowar ta mai gida ce, in kuma kuɗin bai kai ba, banki na iya bin sa cikon.